Warin esansi a tsofaffin motoci: yadda tanki ke numfashi da yadda ake gyara tiyonsa

Direbobi da fasinjoji da yawa a jihar Tawa sun ɗauki warin esansi a cikin tsohuwar mota tamkar ɗabi'arta ce. Ana jin sa a Peugeot 404 da 504 masu buɗaɗɗen baya da ake kira bashe, da tsofaffin Land Rover da Toyota Land Cruiser masu jigilar mutane da kaya daga birnin Tawa zuwa Kalfu, Barmu, Afala, Takanamat, Keita da Tamaske, har zuwa Abalak da Cintabaraden. Sai a sauke gilashi a ci gaba da tafiya, bayan ɗan lokaci hanci ya saba, a manta da shi. Hausawa kuwa sun ce sabo turken wawa.

Motar da hanyoyin esansinta suke daidai ba ta wari a ciki, komai tsufanta. Idan hanci ya ji esansi, to ko dai man yana yoyo a wani wuri, ko kuma tururinsa yana fita ta inda bai kamata ba. Sau da yawa laifin na wani siririn tiyo ne da kaurinsa bai wuce na biro ba, wanda aikinsa shi ne bai wa tanki iska. Makanikai na kiran sa tiyon iska ko tiyon numfashi. Idan ya tsage ko ya kwance sai mota ta cika da wari. Idan ya toshe sai ta riƙa mutuwa a hanya ba tare da an gane dalili ba. Maganin duka biyun ɗaya ne: a buɗe wa tanki hanyar numfashi, a kai bakin hanyar waje, nesa da mutane da wuta.

Dalilin da ya sa tanki ke buƙatar iska

Abubuwa uku ne ke faruwa a cikin tanki kullum.

Na farko, famfo yana zuƙar mai zuwa inji. Duk litar da ta fita, dole litar iska ta maye gurbinta. Idan ba ta samu shiga ba, famfon zai yi ta ja har ƙarfinsa ya ƙare, ko kuma bangon tankin ya lotsa ciki kamar gorar roba da aka tsotse.

Na biyu, esansi yana kumbura idan ya ɗumama. Kowace lita 1000 tana ƙaruwa da kusan lita 1 a duk digiri ɗaya na zafi. Man da ya fito daga rumbun ƙarƙashin ƙasa na gidan mai yana da ɗan sanyi. Idan an cika tanki mai lita 60 maƙil da safe, sannan man ya ɗumama da digiri 15 a cikin rana, zai ƙaru da kusan lita 1. Wannan ƙarin dole ya samu inda zai je.

Na uku, esansi yana yin tururi. Shi gauraye ne na sinadarai da yawa, kuma mafi sauƙinsu suna soma tafasa tun daga wajen digiri 30 zuwa 35. A Tawa, zafin rana a watannin Afrilu da Mayu yakan wuce digiri 40 a inuwa, tankin da ke rataye tsakanin kwalta mai zafi da salansa kuwa ya fi haka. Da dare, musamman a watannin Disamba da Janairu da sanyi ke sauka zuwa wajen digiri 15, tururin yana komawa ruwa, sai tankin ya zuƙi iska daga waje. Ke nan ko mota tana ajiye, tankinta yana fitar da numfashi da rana yana shaƙa da dare.

Motocin gazuwal ma suna buƙatar wannan hanyar iska saboda dalili na farko da na biyu, sai dai gazuwal ba ya yin tururi da yawa kamar esansi.

Haɗarin da ke cikin warin

Ba ruwan esansi ne ke kamawa da wuta ba, tururinsa ne. Esansi yana fitar da tururin da zai iya kamawa ko da a sanyin digiri 40 ƙasa da sifili, yayin da gazuwal sai ya ɗumama ya wuce digiri 50. Tururin yana kamawa idan yawansa a cikin iska ya kai tsakanin kashi 1,4 zuwa 7,6 cikin 100. Ya ninka iska nauyi sau 3 zuwa 4, shi ya sa ba ya tashi sama ya watse. Yana kwanciya ne a ƙasan but, da ƙarƙashin kujera, da ramin garaji, har ranar da zai gamu da tartsatsin waya ko ashana ko sigari. Ƴan Nijar ba su manta da daren 5 zuwa 6 ga watan Mayun 2019 ba, lokacin da wata tankar mai da ta kife kusa da filin jirgin saman Yamai ta yi bindiga mutane na kwasar mai, ta hallaka sama da mutum 55. Abin da ya kama wuta a wurin shi ne ke taruwa a but ɗin tsohuwar mota, sai dai yawansu ya bambanta.

Akwai kuma illa ga lafiya. Shaƙar tururin na ɗan lokaci yana kawo ciwon kai, jiri, tashin zuciya da gyangyaɗi, abin da direban da ya kama hanyar Agadas mai kusan kilomita 400 ba ya buƙata. Esansi kuma yana ɗauke da sinadarin banzin, wanda cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya da ke birnin Lyon na Faransa ta sanya a rukunin farko na abubuwan da ke haddasa sankara, musamman ta jini. Direba da yaron mota da ke yini a ciki su ne suka fi shaƙa.

Na ƙarshe shi ne aljihu. Warin da ake ji mai ne da aka saya da kuɗi yake bin iska. Tun da Najeriya ta janye tallafin mai a ranar 29 ga watan Mayun 2023, esansin da ake shigowa da shi ta Ƙonni ya daina araha irin ta da, kuma ƙarancin man da aka yi fama da shi a watan Maris na 2025 ya nuna wa kowa darajar lita guda.

Tsari uku, gwargwadon shekarun mota

Kafin a taɓa komai, ya kamata a san irin tsarin da kamfani ya yi wa motar, domin ba duka ɗaya ba ne.

Tsari na farko shi ne murfi mai huda. A motoci da yawa na shekarun 1960 da 1970, murfin tanki ne ke da ɗan rami ko ƙaramin bawul da iska ke shiga da fita. Irin wannan mota ba ta da wani tiyon iska na daban. Idan murfin ya ɓace aka sayo wani marar huda, an toshe wa tanki hanci ke nan.

Tsari na biyu shi ne murfi rufaffe da tiyon iska. Tiyon yana tasowa daga saman tanki ko daga wuyan da ake zuba mai, ya hau sama, ya lanƙwaso, ya sauka ya fita a ƙarƙashin mota. Idan an sa wa irin wannan mota murfi mai huda, mai zai riƙa fesowa ta murfin a kwana da gargada.

Tsari na uku shi ne gwangwanin gawayi, wanda makanikai ke kira kanista. Tiyon iska yana kai tururin cikin wani gwangwani cike da gawayi na musamman da ke riƙe shi, idan inji ya tashi sai ya zuƙe tururin ya ƙona. An soma tilasta wannan tsari a jihar Kalifoniya a 1970, sai sauran Amurka a 1971. A Turai, ƙa'idar Euro 1 ta 1992 zuwa 1993 ce ta sa ya zama gama-gari. Saboda haka ƙananan motocin esansi da aka shigo da su daga Turai, ƙirar 1993 zuwa sama, akasari suna da gwangwanin.

Tsofaffin motocin Adar galibi suna cikin tsari na farko ko na biyu. Peugeot 404 ta fito a 1960, 504 kuma a 1968, kamfanin PAN na Kaduna da ya soma aiki a 1975 ya ci gaba da harhaɗa 504 har tsakiyar shekarun 2000. Land Rover ƙirar Series III an yi ta daga 1971 zuwa 1985, kuma a gajeriyarta tanki yana ƙarƙashin kujerar gaba. Land Cruiser 40 an yi ta daga 1960 zuwa 1984, kuma kafin 1979 tankinta yana cikin ɗakin motar, ƙarƙashin kujerar mai zaman gaba. A irin waɗannan, ɗan tsagewar roba guda ya isa ya cika ɗakin da wari.

Ƙofofin da ke jikin tanki

Tanki yana da ƙofofi biyar ko shida, kuma kowace tana iya zama tushen wari. Akwai babban tiyon zuba mai da ke haɗa wuya da tanki. Akwai matsakaicin tiyon da ke bin gefensa, wanda ke mayar da iska zuwa bakin wuyan lokacin da ake shan mai, don kada man ya riƙa dawowa. Akwai siririn tiyon iska. Akwai tiyon da ke kai mai gaba, wasu motocin kuma suna da na mayar da rarar mai. Sai kuma faifan ma'aunin mai da ke ɗaure a saman tanki, da zoben roba ko na kwalaba a ƙarƙashinsa, wanda makanikai ke kira juwan.

Ana yawan rikita tiyon da ke mayar da iska zuwa wuya da tiyon numfashi. Na farko yana aiki ne kawai idan murfi yana buɗe. Da an rufe murfi marar huda, ba ya fitar da komai waje. Shi ya sa ganin sa ba ya nufin tanki yana samun iska.

Gano inda warin ke fitowa

Lokacin da ake jin warin shi ne babbar shaida.

Idan sai an cika tanki ake ji, kuma yana raguwa idan mai ya sauka, a duba saman tanki: juwan ɗin ma'aunin mai, tiyon zuba mai, da gindin tiyon iska. A nan ne kuma ƙura ke taruwa ta jiƙe da damina ta haifar da tsatsa.

Idan a kwana ko a kan gargada ake ji, man ne ke fantsama ya fita ta murfin da robarsa ta bushe, ko ta tiyon iskar da bai hau sama sosai ba.

Idan bayan an kashe inji mai zafi ake ji, daga gaban mota, karbureta ce. Zafin inji yana tafasa man da ke cikin kofinta. Alamar ita ce mota tana wuyar tashi bayan tsayuwar minti 10 ko 20. A duba faifan da ke raba karbureta da inji don kare ta daga zafi, domin wasu na cire shi lokacin gyara su manta.

Idan karbureta tana jiƙewa ta waje, ko salansa tana fitar da baƙin hayaƙi, allurar da ke tsayar da mai ce ba ta rufewa, ko kuma ƴar robar da ke yawo a kan man ta huje ta nutse. Wannan ya shafi Solex da Zenith na Peugeot da Land Rover, da Aisan na Toyota. Man kwalba da na bidon da aka ɗura a bakin hanya yakan zo da yashi, kuma ƙwayar yashi guda ta isa ta hana allurar rufewa. Matacin mai mai kyau a gaban famfo yana rage wannan matsala.

Idan sandar gwajin baƙin mai tana warin esansi, kuma man yana ƙaruwa maimakon ya ragu, robar cikin famfon mai ce ta yage, esansi yana zuba cikin inji. Ba a ci gaba da tafiya a haka, domin baƙin man ya tsinke, ba zai kare inji ba.

Idan warin yana ƙaruwa da an buɗe gilashi, to daga baya yake zuwa. Buɗaɗɗen gilashi yana janyo iskar but da ta ƙarƙashin mota zuwa ciki. A duba robar ƙofar baya da ramukan da ke ƙasan mota. Ta nan ne kuma hayaƙin salansa ke shigowa, shi kuwa yana ɗauke da wata iskar guba marar wari da ke sa barci ta yi kisa.

Ana yin binciken ne a fili, inji a sanyaye, da tocila mai batir, ba da ashana ko aci-balbal ba. Ƙurar Adar tana taimakawa: duk inda mai ke tsattsafowa, za a ga ƙura ta manne ta yi duhu. A lanƙwasa kowane tiyo da hannu. Wanda ya yi tauri kamar kara, ko ya nuna ƙananan tsage, ko ya yi laushi yana danƙo, ya gama aiki.

Alamun toshewar tiyon iska

Motar da tankinta ba ya samun iska tana tashi lafiya, ta yi ƴan kilomitoci, sai ta soma shaƙewa ta mutu kamar mai ya ƙare. Bayan ta huta sai ta sake tashi. Mutane da yawa sun canza famfo da fulogi da karbureta a kan wannan matsala, kuɗi ya tafi a banza. Gwajin kuwa ba ya cin ko dala: da motar ta mutu, a buɗe murfin tanki a saurara. Idan an ji iska ta ruga ciki da ƙara, kuma motar ta tashi ta ci gaba da tafiya, hanyar iska ce ta toshe.

Akasin haka ma yana faruwa. Da rana tsaka matsin tururi yana taruwa, idan an buɗe murfi sai ya huro waje da ƙarfi, wani lokaci har da feshin mai. Wannan matsin yana tura mai ya rinjayi allurar karbureta, mota tana ajiye ana jin wari.

A Adar abubuwa huɗu ne suka fi toshe tiyon: ƙurar hunturu da ta jar ƙasa, laka idan an ratsa ƙorama da damina, zanzaro da ke gina ɗakinsa a bakin tiyon motar da ta daɗe a ajiye, da kuma hannun mutum. Sau da yawa wani ne ya ga mai na ɗiga daga tiyon bayan an cika tanki, ya cusa masa ƙusa ko ya ɗaure shi da waya, yana ganin ya yi gyara. A motar da ke da kanista, ɗan sautin iska kaɗan idan an buɗe murfi ba laifi ba ne.

Yadda ake shimfiɗa sabon tiyo

Idan hanyar da kamfani ya bi tana nan, ita za a bi. Idan an canza tanki ko an yi wa motar sabon baya, ga ƙa'idojin.

Tiyon ya taso daga wuri mafi tsawo a tanki, inda tururi ke taruwa. Idan tankin dogo ne, ana yi masa mafita a gefe biyu su haɗu a sama, don kada mai ya rufe mafitar idan an ajiye mota a gangare.

Daga nan ya hau sama har ya wuce bakin da ake zuba mai, ko da da taƙi guda ne, kafin ya lanƙwaso ƙasa. Ruwa ba ya hawa ya wuce bakinsa, don haka ko an cika tanki mai ba zai bi tiyon ba. Wanda aka saukar kai tsaye daga saman tanki zuwa ƙasa yana iya zama mazuƙi, ya riƙa kwarare mai da kansa.

Kada ya yi ciki a tsakani. Duk inda tiyo ya lotsa ƙasa sannan ya sake hawa, mai zai kwanta a wurin ya toshe iska. Ɓangaren da ke hawa ya kasance yana gangarowa zuwa tanki, don man da ya shiga ya koma inda ya fito.

Bakinsa ya fita wajen jikin mota yana kallon ƙasa. Ba a barin sa a but, ko ɗakin fasinja, ko cikin wani rufaffen lungu na jikin mota. Ya yi nisa da salansa, da birki, da batir, da wayoyin fitilun baya. Mafi kyau shi ne a fitar da shi ta gefen da salansa ba ta bi ba. Kada ya tsaya daidai inda taya ke watso laka, kuma kada ya sauka ƙasa da gindin mota, domin tanki mai zafi da ya shiga ruwan ƙorama yana hucewa nan take ya zuƙi abin da ke bakin tiyon.

A sa ƙaramin matacin mai na roba a kusa da bakin. Yana barin iska ta wuce, yana hana ƙura da zanzaro. Ana canza shi idan ya yi ja.

Idan an samu, a sa bawul ɗin kifewa a saman hanyar, a tsaye kamar yadda alamar jikinsa ta nuna. A cikinsa akwai ƴar ƙwallo da ke rufe hanya idan mota ta faɗi. Ga motocin kasuwa da ake labta wa kaya sama da ƙima, suna bin hanyar Tawa zuwa Arlit mai yawan ramuka, wannan ɗan ƙarfe yana iya hana haɗari ya rikiɗe ya zama gobara. Bawul mai barin iska ta shiga kawai ba ta fita bai dace da tankin esansi ba, domin matsi zai taru.

A ɗaure tiyon a jikin mota duk bayan santimita 30 zuwa 40, ba tare da an matse shi ba. Inda zai ratsa ƙarfe a sa zoben roba, domin girgizar hanya tana sa bakin ƙarfe ya yanke roba kamar wuƙa. A kowace mahaɗa a sa kolye daidai girman tiyon. Waya da robar taya ba sa maye gurbinsa.

A motar da ke da kanista, a mayar da kowane tiyo inda yake. Cire gwangwanin a bar tiyon a buɗe a ƙarƙashin bonet yana zuba tururi ne a kusa da inji. Yawan ƙara mai bayan bindigar gidan mai ta tsaya da kanta shi ke jiƙa gawayin ya lalata shi.

Irin tiyon da za a saya

Ba kowace roba ce ke jure esansi ba. Farin tiyon ruwa mai nuna ciki yana yin tauri ya tsage cikin ɗan lokaci. Tiyon lagireto da na iskar inji suna kumbura su narke. Tiyon mai na gaskiya yana da rubutu a jikinsa. SAE J30 R6 ko R7 na motocin karbureta ne, inda matsin famfo yake wajen bar 0,2 zuwa 0,3. SAE J30 R9 na motocin injeksiyon ne masu matsin kusan bar 3, kuma shi ne ya fi riƙe tururi, don haka ya fi dacewa da duk inda tiyo zai ratsa but ko ɗakin mota. Na Turai yakan ɗauki lambar DIN 73379. Tsohon tiyo mai rigar zare yana ɓoye tsagewarsa, yana iya fitar da wari ta jikinsa ba tare da an ga ɗigo ko ɗaya ba.

Tanki na biyu da bidon

Nisan gidajen mai a arewacin jihar ya sa direbobi da yawa ƙara tanki na biyu ko ɗaukar mai a bidon. Tankin ƙari yana buƙatar nasa tiyon iska bisa ƙa'idojin da aka ambata. Idan an haɗa iskar tankuna biyu, mahaɗar ta kasance sama da dukansu, in ba haka ba na sama zai riƙa juyewa cikin na ƙasa har ya yi ambaliya.

Bidon ɗin man girki mai lita 25 ba a yi shi don esansi ba. Murfinsa ba ya riƙe tururi, jikinsa yana kumbura a rana. Jarkar ƙarfe mai lita 20 da robar murfinta ke da kyau ita ta fi. Ko wanne ne, ba a cika shi maƙil, ba a sa shi tare da fasinja, kuma ana sauke shi ƙasa kafin a zuba masa mai, don kada tartsatsin gogayya ya tashi.

Abubuwan da ba a yi

Ba a yi wa tanki walda don kawai an juye man. Tankin da ke da mai, tururin cikinsa ya yi yawan da ba zai kama ba. Wanda aka juye, iska ta shiga ta gauraya da ragowar tururin, shi ne ke fashewa. Aikin na wanda ya ƙware ne, bayan an wanke tankin sosai. Idan tsatsa ta cinye shi, canzawa ya fi.

Ba a hura wa tanki iskar kwamfaresa don neman yoyo, domin ba a yi shi don ɗaukar matsi ba. Ana cire tiyon iska a hura shi shi kaɗai.

Ba a zuƙar esansi da baki. Kurɓi guda da ya faɗa huhu yana kawo mummunan ciwon huhu. Wanda ya haɗiye shi kada a sa shi amai, a kai shi asibiti.

Sabulun da ake shafawa a hudar tanki dabarar isa gari ce kawai, ruwan farko zai wanke shi. Turare da maganin ƙamshi kuwa suna rufe warin ne, tururin yana nan.

Kafin a kwance kowane tiyo, a cire kan batir na ƙasa, a kashe sigari, a matsa daga mai shayi da mai walda.

Idan wuta ta kama

A kashe inji, a fitar da mutane, a nisanta su. Ba a zuba wa wutar esansi ruwa, domin man yana hawa kan ruwa ya bazu. Ana amfani da tukunyar kashe wuta mai hoda, ko yashi da ƙasa, waɗanda ba su da wuyar samu a Adar. Idan wutar a ƙarƙashin bonet take, ba a wangale shi, ana ɗan ɗaga shi ne a fesa ta kafar. Lambar sojojin kashe gobara a Nijar ita ce 18.

Lokutan dubawa

Sau biyu a shekara ya kamata a bi hanyoyin mai daga tanki har karbureta: a watan Maris kafin zafin bazara ya kankama, da watan Oktoba bayan damina, lokacin da laka ta bushe a ƙarƙashin mota. Motar da ta yi wata guda a ajiye, a leƙa bakin tiyonta kafin a kama hanya. Bayan gyara, a cika tanki, a ajiye motar a rana gilasai a rufe na awa 2, sannan a kira wanda bai yini a garaji ba ya buɗe ƙofa ya shaƙa. Idan bai ji komai ba, kuma murfin tanki bai huro iska da ƙarfi ba, aikin ya yi.